Kafin ka sayi kubikul na ofis: tsawon shinge, zurfin tebur da hanyar waya

Duk wanda aka ɗora wa nauyin sayo kayan ofis, da hoto yake farawa. Dillali ya buɗe masa kundin talla, ya ga mazaunai masu shinge a jere fes-fes, babu takarda ko ɗaya a kan tebur, babu waya tana reto, babu ma mutum a ciki. Abin da nake roƙon mai saye ya fara yi shi ne ya rufe kundin nan, ya je ya zauna awa guda a tsakiyar mutanen da zai saya wa kayan. Ya lura da wanda ke yini da tarho a kunne, da wanda ke lissafin da ƙaramin motsi ke ɓata shi, da wadda ke tashi sau goma ta je wurin abokiyar aikinta, da wanda ke riƙe da takardun da bai kamata mai wucewa ya leƙa ba. Abin da ya gani a awar nan shi ne ma'aunin da zai shiga kasuwa da shi, domin kubikul, wato tebur da aka kewaye da fallayen shinge marasa kai wa rufi, ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi wa mai amsa kiran abokan ciniki daidai yana iya zama azaba ga mai shirya albashi.

Tarihin abin ma yana da darasi ga mai saye. Wani mai ƙirƙira, Robert Propst, shi ya fito da tsarin a kamfanin Herman Miller da ke jihar Michigan ta Amurka. Na farko, Action Office, ya fito a 1964 tare da George Nelson, amma ya yi tsada, bai samu kasuwa ba. A 1968 aka fito da Action Office II, mai fallaye da ake harhaɗawa a warware, shi ne ya karɓu. Nufin Propst shi ne ma'aikaci ya samu wurin da zai baje aikinsa, a buɗe fallayen da kusurwa mai faɗi, a riƙa sauya su yadda aiki ya sauya. Sai masu kamfanoni suka gane cewa idan aka tsuke fallayen suka zama murabba'i, za a cusa mutane da yawa a ƙaramin fili. Dokar harajin Amurka ta ƙara ingiza su, tunda kayan ɗaki ana cire kuɗinsu daga haraji cikin 'yan shekaru, bangon gini kuwa sai an daɗe. Kafin rasuwarsa a 2000, Propst ya fito fili ya nuna takaicin yadda aka mayar da ƙirƙirarsa. Kaya ɗaya ne, amma a hannun wani mai saye ya zama wurin aiki, a hannun wani ya zama akurki.

Tsawon shinge

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka a nan zan fi daɗewa. Kusan duk masu ƙerawa suna da tsayi uku da ake yawan saye. Akwai gajere, wajen inci 42, wato kimanin santimita 107 daga ƙasa. Tunda saman tebur yana kusan santimita 74, shingen bai fi taƙi guda da ɗoriya a saman tebur ba. Kana zaune kana ganin fuskar maƙwabcinka. Akwai matsakaici, inci 53 ko 54, kimanin santimita 135, wanda ke ɓoye wanda ke zaune amma da ya miƙe ya ga ofis gaba ɗaya. Sai dogo, inci 65 zuwa 67, kimanin santimita 165 zuwa 170, wanda ke ɓoye yawancin mutane ko a tsaye suke.

Gajere yana barin hasken taga ya ratsa har tsakiyar ɗaki, iskar na'urar sanyaya ɗaki ko ta fanka ta zagaya ba tare da cikas ba, shugaban sashe kuma ya hangi wanda ya ɗaga hannu yana neman taimako. Shi ya sa wuraren amsa kira da 'yan tallace-tallace suka fi son sa. Aibinsa shi ne ido ba ya hutawa. Duk wanda ya gifta sai ka ɗaga kai, ko ba ka so, domin haka aka halicci ido, yana bin motsi. Mai aikin da ke buƙatar nutsuwa zai riƙa yanke zaren tunaninsa yana sake ƙullawa har yamma.

Dogo yana ba da sirri na ido, yana ba da bangon da za a rataya kabad na sama, amma yana cin haske, yana tare iska, kuma wanda aka sa a layin tsakiya zai yini bai san ko rana ta faɗi ba. Na taɓa shiga wani ofis da aka jera dogayen shingaye a gicciye da tagogi. Layi na farko na fama da rana a fuskar kwamfuta, layi na uku kuwa da fitilar tebur suke aiki da tsakar rana, ga zufa, alhali na'urar sanyi tana ta aiki a samansu. Ba kayan ne marasa kyau ba, jerawar ce aka yi ba tare da an dubi taga ba. Idan dole sai dogon shinge, a jera shi ta yadda zai miƙe daga taga zuwa cikin ɗaki, haske ya bi tsakanin layuka.

A ganina, ga yawancin aikin ofis na rubutu, lissafi da kwamfuta, matsakaici ne ya fi dacewa. Idan ana son ƙarin tsawo, a ɗora falle na gilashi a samansa, mai haske ko mai hazo. Ka tambayi dillali ko shingensa yana karɓar ɗori daga baya. Wasu tsare-tsaren an yi su ne yadda za a ƙara falle a sama ba tare da an warware komai ba, wasu kuwa tsawon da ka saya da shi za ka zauna. Ba kuma dole ne duk ɓangarori su zama tsawo ɗaya ba: ana iya sa dogo a ƙashin bayan layi, inda tebura ke fuskantar juna, a sa gajere a gefen hanya.

Sai dai ga abin da dillalai kaɗan ne za su gaya maka. Shinge yana tare ido, amma da ƙyar yake tare kunne. Murya tana haurawa ta sama, ta bugi silin ta dawo, ta zagaya ta ƙofa. Har ma dogon shinge yana da wata illa ta daban: wanda ba ya ganin kowa yakan manta da cewa ana jin sa, sai ya saki murya. A 2013, Jungsoo Kim da Richard de Dear na Jami'ar Sydney sun nazarci amsoshin ma'aikatan ofis fiye da dubu 40, suka tarar cewa rashin sirrin magana shi ne babban abin da masu zama a kubikul ke kuka da shi, kuma masu dogon shinge ba su fi masu zama a buɗaɗɗen fili samun sauƙi ta wannan fuska ba. Wanda ya sayi dogon shinge don maganin surutu kaɗai, ya sayi rariya ne don ɗiban ruwa.

To me ke rage surutun? A takardar bayanin kaya za ka ga alƙaluma biyu. NRC yana nuna yadda falle ke shanye sauti maimakon mayar da shi, ana auna shi daga 0 zuwa 1. Gilashi da katako mai santsi suna kusa da sifili, falle mai cikin auduga ta gilashi da aka lulluɓe da yadi yana iya haura 0.7. STC kuma yana nuna yadda falle ke hana sauti ratsa shi zuwa ɗaya gefen, wanda sai falle yana da ƙwaƙƙwaran allo a tsakiyarsa yake yin wani abin kirki. Ka nemi duka biyun a rubuce. Amma ka sani rabin aikin yana sama da ƙasa ne: silin mai shanye sauti da kafet sun fi ƙarin taƙi ɗaya a kan shinge amfani. Manyan ofisoshi kuma suna sa ƙananan lasifikoki a silin masu fitar da wani ɗan shuu maras tashi maras sauka, a wajen desibel 45 zuwa 48 na ma'aunin ƙarar sauti, wanda ke dusashe maganar nesa ta yadda kunne ba zai tsinci kalmomin ba. Abin da ke ɗauke hankali ai ba ƙarar ba ce, fahimtar abin da ake faɗa ne. Maganar da ta zama sirri na gaske kuwa, kamar ta albashi, rashin lafiya ko ladabtarwa, wurinta ɗaki ne mai bango har sama da ƙofa, ko da ƙarami ne. Ka ware masa fili tun a zane.

Kada kuma wannan ya sa ka ce a cire shingen baki ɗaya don mutane su riƙa magana da juna. Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard sun bibiyi ma'aikatan manyan kamfanoni biyu kafin da bayan an cire musu shinge, suka wallafa sakamakon a 2018: magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonnin imel kuma suka ƙaru. Mutum idan ya rasa inda zai fake, sai ya toshe kunne ya fake a cikin kwamfutarsa.

Yadda aka ƙera shi

Iri huɗu za ka fi cin karo da su. Na farko shi ne falle guda, wanda aka haɗa shi a masana'anta, yadi ɗaya daga sama har ƙasa. Ya fi araha, ya fi saurin kafawa, siriri ne, kaurinsa wajen santimita 5. Amma idan wani wuri ya yage ko ya yi tabo, sai an cire fallen gaba ɗaya, kuma hanyar wayarsa a ƙasa kawai take. Na biyu firam ne na ƙarfe da ake manna masa ƙananan fallaye, kamar yadda ake jera tayil. Ya fi kauri, yakan kai santimita 8, ya fi tsada, amma cikinsa fili ne da wayoyi za su bi ta ko'ina, kuma kana iya sa yadi a ƙasa, allon rubutu a tsakiya, gilashi a sama. Wanda ya lalace a ɓalle shi shi kaɗai a sa wani. Idan ofishinku na yawan sauya fasali, ko kuna da wayoyi da yawa, ƙarin kuɗin nan zai biya kansa.

Na uku shi ne dogon tebur da mutane ke zama a jere suna fuskantar juna, da ɗan gajeren allo a tsakiya. Ya fi kowanne cin mutane da yawa a ƙaramin fili, kuma ya yi daidai da waɗanda ba sa yini a ofis, masu shigowa da kwamfutar hannu su yi awa biyu su fita. Ga mai zaman awa takwas, ban cika ba da shawararsa ba. Na huɗu tebura ne masu tsayawa da ƙafafunsu, kowanne da allon shinge da ake ɗaure masa da maƙala. Ga ƙaramin ofis na mutum biyar ko goma, ko masu haya da ba su san ko baɗi suna nan ba, wannan ya fi hankali, domin mutum biyu sun isa su ɗauke shi, ba sai an kira masu kafawa ba.

Wannan bambancin yana da muhimmanci: a tsarin farko da na biyu, sau da yawa saman tebur a jikin shinge yake rataye. Ba za ka matsar da tebur ɗaya ba sai ka taɓa layin gaba ɗaya.

Girma da fili

Ana yawan auna kubikul da ƙafa. Shida-da-shida, wato kimanin santimita 183 kowane gefe, shi ne gama-gari. Shida-da-takwas yana ba da wurin ƙarin tebur a gefe da durowar fayil. Takwas-da-takwas na wanda ke karɓar baƙo ne a mazauninsa. Na masu amsa kira yakan tsaya a faɗin ƙafa huɗu. Kafin ka ƙirga mutum nawa ɗaki zai ci, ka tuna da kaurin shingen kansa. Layin mazauni goma yana da fallaye goma sha ɗaya a gicciye, idan kowanne santimita 5 ne, ka ga fiye da rabin mita ya tafi. Ɗan hakin da aka raina ke nan. Sau da yawa shi ke sa mazauni na ƙarshe ya toshe ƙofa ko ya ci karo da ginshiƙi. Ka tambayi dillali ko ma'aunin da ya ba ka na ciki ne ko daga tsakiyar falle zuwa tsakiyar falle, kuma a auna ɗakin da tef, kada a dogara da tsohon zanen gini.

Hanya ma ba ragowar fili ba ce. Dokar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta sa mafi ƙarancin faɗin hanya inci 36, kimanin santimita 91, da filin juya keken guragu inci 60, kimanin santimita 152. A Birtaniya, ƙa'idar wuraren aiki ta tanadi aƙalla kubik mita 11 na sararin ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, ga kowane ma'aikaci. Kowace ƙasa da tata doka, musamman kan hanyar gudun gobara, don haka ka duba ta inda kake. Waɗannan alƙaluman dai suna nuna maka ƙasan da bai kamata a sauka ba. Babbar hanyar da mutum biyu za su gifta juna tana son fiye da haka. A bayan tebur kuma a bar wajen mita guda don kujera ta ja baya.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a kundin talla, amma duk wanda ya zauna a kubikul ya san shi: zama da baya ga ƙofa. Mutum ba ya sakewa idan ana iya tsayawa a bayansa bai sani ba, kuma fuskar kwamfutarsa a buɗe take ga duk mai wucewa. In da hali, a juya tebur yadda ƙofa za ta kasance a gefensa. Ba ya cin ko sisi, zane ne kawai.

Saman tebur

Zurfin santimita 60 ya isa kwamfutar hannu. Ga babbar fuskar kwamfuta, balle guda biyu, ka nemi 75 ko 80, domin ana son tazarar santimita 50 zuwa 100 tsakanin ido da fuskar, kuma allon madannai na buƙatar wurinsa a gaba. Tebur mai lanƙwasa a kusurwa, wanda aka saba gani, an yi shi ne don tsofaffin kwamfutoci masu ƙaton ƙeya. Yanzu da fuskokin suka zama shafal, kusurwar nan ƙura kawai take tarawa. Miƙaƙƙen tebur da ɗan gajere a gefe ya fi amfani. Idan za a sa hannun ƙarfe mai riƙe fuskar kwamfuta, a bar 'yar tazara tsakanin tebur da shinge inda maƙalarsa za ta kama.

Tebur mai hawa da sauka, wanda ake aiki a kansa a zaune ko a tsaye, yana tafiya daga wajen santimita 65 zuwa 125 bisa ma'aunin Turai. Alherinsa bai tsaya ga tsayuwa ba. Yana ba gajere da dogo damar daidaita tebur da jikinsu, abin da tebur mai tsawo ɗaya ba ya yi. Amma yana zuwa da sharuɗɗa. Dole ya tsaya da ƙafafunsa, ba a rataye shi a shinge. Kabad na sama ba zai zauna a kansa ba. Wayoyi suna son rara don kada su tsinke idan ya hau. Wanda ya miƙe kuma ya haura matsakaicin shinge, kansa da muryarsa, sai dai a ɗaura allon a jikin tebur ɗin ya riƙa hawa tare da shi. Idan kuɗi bai kai a yi wa kowa ba, a fara da masu ciwon baya da waɗanda tsayinsu ya fita daga na galibin mutane.

Yawancin saman tebur garin katako ne da aka matse, ko MDF, aka lulluɓe. Lulluɓin melamin siriri ne, ya fi araha. Fomaika mai kauri, wadda aka matse da ƙarfi, ta fi jure karce da zafi da buguwa. Ɓawon katako na gaske ya fi kyau a ido amma yana son lallaɓawa. Kaurin milimita 25 shi ne abin nema ga tebur mai tsawo, don kada ya lotsa a tsakiya. Inda nake fara kai hannu kuwa shi ne baki. Ta nan tebur ke fara mutuwa: idan abin da aka naɗe bakin da shi siriri ne kamar takarda, zai ɓare, ruwan goge-goge ya shiga, garin katakon ya kumbura, kuma ba ya komawa. Ka nemi baki na roba mai kaurin milimita 2, ka sa farce ka gwada ɓamɓare shi. Ka kuma leƙa ƙasan tebur. Idan ƙafa da sukurori kai tsaye aka ɗaure ta a cikin garin katako, warwarewa biyu ta isa ramin ya zarme. Masu kyau suna da gurbin ƙarfe da aka dasa a ciki.

Warin sabon kaya ma abin lura ne. Gam ɗin da ake matse garin katako da shi yana iya fitar da iskar fomaldihaid, mai sa ƙaiƙayin ido da maƙogwaro. Alamar E1 ta Turai ko shaidar GREENGUARD suna nuna an gwada kayan an ga abin da suke fitarwa bai haura ƙa'ida ba. Yadin shinge kuma a nemi takardar gwajin gobararsa. Inda ƙura ta yi yawa ko hannaye da yawa ke taɓawa, a sa abin da ake gogewa a ƙasa da gefen hanya, a bar yadi a daidai fuska, inda murya ke bugawa.

Wuta da waya

A 1976 kamfanin Haworth ya fito da shingen da aka riga aka sa wa wayar lantarki a ciki, kuma tun daga lokacin hanyar waya ta zama rabin abin da kake saye, ko da ba ta fitowa a hoto. Tambaya ta farko: ta ina wuta za ta shigo layin? Ta bango, ta ƙasa, ko ta sandar da ke saukowa daga silin? Layin da ke tsakiyar ɗaki, babu bango kusa, babu rami a ƙasa, dole sai sanda, kuma gara a san inda za ta tsaya tun a zane. Ta biyu: soket a ina? Na ƙasan shinge ya isa abin da ba a cirewa, amma wanda ke cajin waya da kwamfutar hannu kullum zai riƙa durƙusawa ƙarƙashin tebur. Soket a daidai saman tebur ya fi tsada kaɗan, ya fi daɗi ƙwarai. Ka ƙirga abin da kowane mutum ke jonawa a yau, ka ƙara biyu. Ƙarancin soket shi ke haifar da jona tsawaita a kan tsawaita a ƙarƙashin tebur, kusa da takarda da yadi, kuma daga nan gobara ke samun ƙofa.

Wayar intanet da ta lantarki kowace da hanyarta, da shamaki a tsakani, don kada wutar ta dama saƙon. Wayar intanet irin wadda ake kira Cat6 ba ta wuce mita 100 daga na'urar rarrabawa zuwa kwamfuta, kuma duk zagayen da ta yi a cikin shinge yana cikin lissafi. Hanyar da ake buɗe murfinta a kwantar da waya ta fi wadda sai an zura ta rami-rami. Jona layin da wutar gini kuma aikin ƙwararren mai lasisi ne. Masu kafa shinge ba lallai su zama masu aikin wuta ba, ka tambaya tun kafin ranar kafawa wa zai yi.

Ma'ajiya ba ta buƙatar dogon bayani. Durowa mai taya ta fi kafaffiya, tana bin mai ita idan ya sauya wuri. Kabad na sama yana son dogon shinge, yana kuma jefa inuwa a kan tebur, don haka sai da fitila a ƙarƙashinsa. Ma'aunin Turai na hasken karatu da rubutu a ofis lakis 500 ne a saman tebur, lakis kuwa shi ne awon ƙarfin haske. A sa makulli ɗaya ya buɗe duk durowoyin mutum ɗaya, a ajiye uwar makulli a wurin amintacce. Kafin ka sayi kabad da yawa, ka buɗe waɗanda ake da su yanzu ka ga me ke ciki.

Ina kuma roƙonka kada shinge ya cinye kuɗin kujera. Jikin ma'aikaci bai taɓa shinge sau biyu a yini ba, amma yana kan kujera awa bakwai ko takwas. Idan kasafi ya matse, a rage adon falle, a bar kujera mai daidaita tsawo, mai tallafar ƙugu, mai hannuwan da ke shiga ƙarƙashin tebur.

Sabo, gyararre ko na hannu

Sabo yana ba ka zaɓin launi da girma da garanti, amma sai ka jira a ƙera. Gyararre shi ne tsohon firam na babban kamfani da aka sake wa fenti da yadi da saman tebur. Firam ɗin ƙarfe na kamfanoni irin su Steelcase, Herman Miller, Haworth ko Knoll yana shekaru da yawa bai gaji ba, don haka gyararre mai kyau yakan fi sabo maras asali ƙarko. Na hannu, yadda aka ciro shi daga wani ofis, ya fi araha, amma an yanka shi ne don ɗakin wani. A nan mahaɗai ne matsala, ƙananan ƙarafan da ke ƙulla falle da falle a kusurwa biyu, uku ko huɗu. Idan fasalinka ya bambanta da na mai shi na farko, za ka rasa wasu. Kayan wani kamfani ba ya shiga na wani, kai ko a kamfani ɗaya wannan jerin ba ya shiga wancan. Ka sa a ƙirga maka su ɗaya bayan ɗaya bisa zanenka kafin ka biya.

Ko sabo ne, ka tambaya: shekara nawa za a ci gaba da ƙera wannan jerin da wannan yadin? Ranar da kuka ɗauki mutum huɗu sababbi, za a samu irinsa? Garantin ya haɗa da kuɗin aiki ko kayan kawai, kuma injin tebur mai hawa da kayan wuta shekara nawa ne nasu, tunda yawanci ya fi na firam gajarta? Kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da dako, hawa bene, kafawa da kwashe kwalaye? An gwada shingen bisa ma'aunin ANSI/BIFMA X5.6, wanda ke duba ƙarfinsa da tsayuwarsa idan an rataya masa nauyi? Dillalin da ya san kayansa zai amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba.

Gani ya kori ji. Kafin a sa hannu a kan oda mai yawa, ka nemi a kafa mazauni ɗaya ko biyu a cikin ofishinku, a bar su mako guda. Ka sa mafi tsawo da mafi gajarta a cikin ma'aikata su zauna. Ka kama saman shinge ka girgiza, ka jingina da bakin tebur da nauyinka, ka cika durowa da fayil ka ja ta har ƙarshe ka ga ko za ta rinjaya. Ka sa wani ya yi waya a ɗaya gefen da muryarsa ta kullum, kai kuma ka zauna ka gwada karanta shafi guda. Ka duba ƙafafun da ake murɗawa don daidaita shinge, domin daɓen da ya yi daidai ko'ina da wuya ake samun sa. Abin da ma'aikatan suka faɗa a ƙarshen makon, a rubuta shi a gyara zane da shi. Ranar da aka gama kafawa kuma, ka karɓi zanen ƙarshe da lambobin kowane sashe da sunan yadi da launin fenti, ka sa a ƙara maka 'yan mahaɗai da murafun hanyar waya da falle biyu ko uku na ajiya, ka adana su wuri ɗaya da uwar makulli.